Hausar Rifkatu a Bakin Nafisa

Na san abin da kuka ji, ku 'ya'yana da jikokina, domin a unguwarmu ta Uhudu magana ba ta kwana a gida ɗaya. Kun ji cewa a shekarar da aka haifi jikata Safiyya, kakarku ta tafi Ingila ta shige coci, ta sa rigar aikinsu tana raba abinci. Masu sona sun ce tausayin bayin Allah ne ya kai ni. Waɗanda ba sa sona sun ce tsufa ne ya fara taɓa mini kai. Dukansu ba su san komai ba. Na shiga, gaskiya ne, amma ɗakin cin abincin da ke bayan cocin na shiga, ba inda suke ibadarsu ba, kuma na yi aiki har hannuwana suka tsage saboda ruwan sanyi. Sai dai ba tausayi ne ya kai ni ba. Kishi ne, kishin wata mata mai suna Rifkatu, kuma da za a mayar da ni wannan shekarar, da ƙafata zan sake tafiya.

Sai kun fara sanin yadda muke da Nafisa kafin ku gane sauran. Mahaifina daga ƙasar Kano ya taso, ya ratsa Sudan, ya iso Madina bai koma ba, a nan aka haife ni. A gidansa, Larabci a bakin ƙofa ake cire shi tare da takalmi. Na so in riƙe gidana haka, abin ya fi ƙarfina. Manyan 'ya'yana dai suna ɗan taɓawa, ko da gurguwa ce. Nafisa autata kuwa ko kusa. Tana ƙarama tana ce mini Inna, bakinta garau, har maƙwabta na cewa Hausarta ta fi tawa daɗi. Da ta shiga makaranta yara suka yi mata dariya, ta dawo gida rannan ta ce mini Ummi, shi ke nan. In ce ta ɗauko ludayi, ta ɗauko, ta amsa da Larabci. Tana ji tas, amma ba za ta faɗa ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na taɓa ƙin amsa ta in dai ba da Hausa ta kira ni ba, sai yarinyar nan ta daina kirana gaba ɗaya, ta riƙa zuwa tana taɓa kafaɗata. Ni na gaji na sauko. Na ce wa raina harshen ne ya mutu a bakinta, ba ni take gudu ba.

Abu na biyu shi ne sufra. Duk wanda ya san ni a Madina da sufra ya san ni. A wajen mahaifiyata na gaji wurin, a ɓangaren mata na Harami, masallacin Annabi. Da azumi, bayan la'asar, mu shimfiɗa doguwar leda a ƙasa, mu jera dabino da kindirmo da shuraik, burodin nan namu mai laushi, da dugga ta barbaɗawa, da gahawa a buta. Daga nan sai a miƙe a shiga farautar baƙi. Mace na wucewa, ko daga ina ta fito, ki cafke wuyan hannunta ki ja ta ki zaunar. Ba a tambaya. Idan ta ƙi, kunya ce, ki ƙara ja. Haka muke karrama baƙo a garin Manzon Allah, kuma ni ba a taɓa kuɓuce mini ba. Matan da ke da sufra kusa da tawa har tsokanata suke yi, wai hannuna kamar ƙugiya.

Nafisa ta auri Abdurrahman, ya tafi da ita Manchesta inda yake ƙarin karatun injiniya. Aka daɗe shiru, sannan labarin ciki ya zo. Mahaifinku ya riga ya rasu a lokacin, don haka wajen Yaya Umaru na je sallama, a gidansa na unguwar Aƙiƙ.

“Ki je ki yi mata jego ki dawo,” ya ce. “Garin da ba a jin kiran salla ba wurin zama ba ne.”

“Yaya, ni ce fa. Me zai riƙe ni?”

Na cika akwati da kanwa da gero da citta da kimba da kuka, da dabinon ajwa na musamman don bakin jariri. A jirgi ban runtsa ba, ina ta lissafin yadda 'yata take can ita kaɗai cikin sanyi, babu mai ce mata sannu.

Washegarin saukata da hantsi, Abdurrahman ya fita, muna zaune da Nafisa, sai na ji ana buɗe ƙofar gidan da makulli daga waje. Wata doguwar mata ta shigo, ta ɗan girme ni, da jar hular sanyi a kanta, tana ɗingisa ƙafa, rungume da tukunya naɗe cikin tawul. Kafin in tambayi ko wace ce, Nafisa ta yunƙura da cikin nan nata ta tare ta.

“Mama, sannu da zuwa. Ya ƙafar? Ba na ce kada ki ƙara hawa benen nan da kaya ba?”

Da Hausa ta faɗa. Ba kalma ɗaya ba, ba ta sarƙe ba, ba ta tsaya neman abin da za ta ce ba. Hausa ce mai gudu, da wani irin lanƙwasa da ban taɓa ji a gidanmu ba. Na ji kamar an zuba mini ruwan ƙanƙara a ƙeya. Shekara da shekaru ina roƙon yarinyar nan abin da yanzu take watsa wa baƙuwa kyauta a tsakar ɗaki.

Matar ta ajiye tukunyar, ta zo ta kama hannuna da nata biyu.

“Hajiya, barka da sauka. Ya hanya, ya mutanen Madina? Kin ga 'yarmu ta yi nauyi.”

'Yarmu. Na amsa gaisuwa yadda aka koya mini a gida, har da murmushi, amma da za a tsaga ƙirjina a lokacin da an ga hayaƙi. Sunanta Rifkatu, mutuniyar Kagoro ce, Kirista, ta yi aikin karɓar haihuwa a asibiti a Ingila har ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, ɗanta yana wata ƙasa, ita kaɗai take zaune a ƙasan benen su Nafisa. Faten acca ta kawo, da yakuwa. Tuwon da na tashi tun asuba na tuƙa, da miyar kukar da na ɗauko tun daga Uhudu, Nafisa ta yi loma kaɗan ta ce ƙirjinta na zafi. Faten nan kuwa ta ci ta ƙara, har tana suɗe cokali. Da matar ta tafi na ce,

“Ashe kina da Hausa.”

Ta sunkuyar da kai, ta amsa mini da Larabci. Wai da Mama abin ya fi sauƙi, domin Mama ba ta gyara mata.

Na shiga kicin na wanke tukunyar Rifkatu, na goge ta da ƙarfin da ya wuce na datti.

Ranar Asabar na ga Nafisa tana shiri. Ashe kowace Asabar cocin su Rifkatu na dafa abincin rana ga mutanen da ba su da wurin kwana, masu kwana a gindin shaguna da ƙarƙashin gada, kuma Rifkatu ce shugabar girkin. Nafisa ta daɗe tana taya su. Na ce ba za ta je ba. Ta ce ta yi alkawari. Abdurrahman ya fara kawo mini hujja cewa ciyar da mai yunwa ba shi da addini, na ce masa ban zo Ingila neman fatawa wajen injiniya ba. Na tsaya a taga ina kallo. Rifkatu na jiranta a ƙasa. Ta gyara mata mayafi, ta rufe mata maɓallin rigar sanyi na sama, ta saƙala hannunta cikin nata, suka kama hanya, mai ciki da mai ɗingishi, suna dariyar wani abu da ban ji ba. Ban san lokacin da na zura takalmi ba. A bakin titi na cim musu ina haki.

“Hajiya, za ki zo?” in ji Rifkatu.

“Inda 'yata ta sa ƙafa, ni ma ina sa tawa.”

Ɗakin babba ne, da tebura da kujeru, kowane tebur da ƙyallensa fari da ɗan fure a kwalba. Na ga abin kamar wasan yara. Mutanen suka fara shigowa, maza da mata, Turawa da baƙaƙe, wasu da jaka a baya, wasu na rawar sanyi, wasu na warin da ba sai na faɗa ba. Aka ba ni rigar girki mai ruwan bula, na ɗora a kan abayata, aka tsayar da ni a wajen wanke-wanke tunda ba ni da Turanci. Daga can nake hango komai. Rifkatu ta san sunan kowa. Ta san wanda ba shi da haƙori, ta san wadda ba ta son a tsaya a bayanta. Nafisa na biye da ita da faranti kamar jela. Can wata tsohuwa ta shafa cikin Nafisa ta ce wa Rifkatu wani abu, duk aka yi dariya. Na kira Nafisa na tambaye ta me aka ce. Ta yi ta kame-kame, na matsa.

Wai tana taya Mama murna za ta yi jika.

“Kin gaya mata ga uwarki nan a wajen tukwane?”

Ta ce ba a yi musu gardama a kan irin wannan.

A hanyar komawa gida na gama shirya abin da zan yi. Miyar ruwa da burodi suke ba mutane, mutum na cin nasa shi kaɗai kamar maraya. Na ce zan nuna musu yadda ake ciyarwa a Madina, 'yata ta gani da idonta wace ce uwarta. Kuma na lura da wani abu: akwai waɗanda ba sa shiga ɗakin sam, suna tsayawa a wajen shinge. Cikinsu har da wani tsoho mai farin gemu da kare, ana ce masa Martin. Rifkatu da duk iyawarta ba ta shigo da shi ba. Na ce a raina, wannan ai aikina ne.

Asabar ta zagayo. Na sa Abdurrahman ya sayo mini naman rago na halal da shinkafa, na yi dahuwar da ƙamshinta ya cika benen. Da muka isa, ban bi ta ɗakin ba. A farfajiyar cocin, kan daɓen dutse, na warware ledar sufra da na zo da ita daga gida, na ajiye babban tire a tsakiya, na zagaye shi da dabino. Masu tsayuwa a shinge suka zuba mini ido, babu wanda ya motsa. Ban damu ba, na san kunyar baƙo. Na nufi tsohon nan kai tsaye, na kauce wa karensa, na cafke wuyan hannunsa na ja.

“Tafaddal,” na ce, wato bismillah, yadda na faɗa wa dubban mutane.

Ƙarar da ya yi ba ta mutum mai kunya ba ce. Ya fizge, ni kuma hannuna ya saba, na ƙara riƙewa. Ya sake fizgewa da dukan ƙarfinsa, ya yi baya ya faɗi a kan shingen, ya ɗaga hannu biyu ya kare kansa kamar mai jiran duka. Karen ya yi tsalle yana haushi, ya bi ta kan sufrar, tiren ya kife. Mutanen ɗaki suka fito. Tsohon ya tashi yana karkarwa, ya ja karensa ya tafi, ya bar bargonsa a ƙasa. Sauran 'yan shingen ma suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Nafisa ta zo ta tsaya a gabana. Ta yi mini magana da Larabci, a hankali, amma kowace kalma da kaifinta. Ta ce nan ba Harami ba ne, ta ce me ya sa ban tambaya ba, ta ce tun farkon sanyi Mama ke lallaɓa mutumin nan kafin ya yarda ya iso ko bakin shinge. Sannan ta juya wajen Rifkatu, muryarta ta yi laushi.

“Mama, ki yi haƙuri. Ba ta sani ba ne.”

Faɗan ban ji zafinsa sosai ba. Amma a ce ni aka yi wa faɗa da Larabci, ita aka ba haƙuri da Hausa, a gabana, wannan har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna.

Na tattara shinkafata daga ƙasa, na koma wajen tukwane. Bayan mutane sun ragu Rifkatu ta shigo, ta ɗauki tawul ta tsaya kusa da ni tana goge abin da na wanke.

“Hajiya, shinkafar nan ta yi daɗi. Na ɗanɗana wadda ta rage a tukunya.”

Na ci gaba da wanke-wankena.

“Mutanen nan, duk hannun da ya taɓa kama su, ko na mai korarsu ne ko na mai ƙwace musu kaya. Kuma kullum a ƙasa suke ci. Shi ya sa muke wahalar da kanmu da tebur da fure.”

“A garinmu sarki ma a ƙasa yake buɗa baki,” na ce.

“Na yarda. Amma shi yana da kujera a gida.”

Na ajiye soson na fuskance ta. Na gaji da kewaye-kewaye.

“Rifkatu, bar zancen tebur. Me kika yi wa 'yata? Ni na haife ta, ni na goya ta, na roƙe ta Hausar nan har na zubar da hawaye, ta hana ni. Ke daga ina?”

Ta daɗe tana goge faranti ɗaya. Sannan ta ce ba ita ya kamata ta gaya mini ba, amma tunda na tambaya za ta faɗa, Nafisa ta yafe mata. A sanyinsu na farko a garin, Nafisa ta yi ciki ya zube. Ban taɓa ji ba. Da rana ne, mijin yana makaranta, wayarta na ɗaki, ita kuma ta yanke jiki a kan matakalar bene. Rifkatu ba ta san ta ba a lokacin, ta ɗauka wata Balarabiya ce mai shiru-shiru. Tana cikin ɗakinta ta ji ana kuka, ta kasa kunne.

“Ba da Larabci take kukan ba, Hajiya, ba kuma da Turanci ba. Cewa take, wayyo Inna, wayyo Inna. Na yi shekaru ban ji wannan a ƙasar nan ba. Ban san lokacin da na ce na'am ba.”

Ta ɗora farantin a kan 'yan'uwansa.

“Ke take kira. Ni ce dai a kusa.”

Ta faɗi haka ne don ta sanyaya mini rai, na sani. Bai sanyaya ba. Na lissafa lokacin, na tuna a kwanakin nan Nafisa na kirana tana cewa komai lafiya, ni kuma ina ba ta labarin farashin dabino. Wata ce ta ɗaga ta daga kan matakala, wata ce ta wanke ta, wata ce ta dama mata kunu. Na gode wa Rifkatu, domin ni ba butulu ba ce. Amma kishin da na shigo da shi ɗan ƙarami ne a kan wanda na fita da shi.

Ban daina zuwa ba. Ba zan bar mata abin da za ta riƙa tunawa da ni da shi ba, a ce Hajiyar Madina ta zo ta kori mutum ta gudu. Na wanke bargon tsohon na ninke. Kowace Asabar in zuba shinkafa a faranti, in ɗora a kan ginshiƙin shinge tare da bargon, in ja baya in harɗe hannuwana a ƙirji don kada su yi abin da suka saba. Ya daɗe bai zo ba. Ran da ya zo, ya tsaya nesa yana kallona, ni ma ina kallonsa. Ya ɗauki bargon da farantin, ya koma can gefe ya ci a tsaye, ya ba karen ƙashi. Bai shiga ɗakin ba har na bar ƙasar. Rifkatu ta ce in gode wa Allah, na ce ai ba ita za ta koya mini ba, ta yi dariya har da riƙe ƙafa.

Naƙuda ta zo da safe, ranar da Abdurrahman ya tafi wani gari jarrabawa. Mu biyu muka kai ta asibiti, ni a dama Rifkatu a hagu. Abin ya yi tsawo. Wajen azahar na ga fuskar Rifkatu ta canja tana kallon wata na'ura da ke ƙara a gefen gado. Likitoci suka shigo suna magana da sauri. Ba na jin ko kalma, sai idon 'yata da ya firfito. Rifkatu ta juyo ta ce bugun zuciyar jaririn na raguwa, za a shiga da ita tiyata yanzu, ba za a sa ta barci ba, kuma mutum ɗaya kawai ake bari ya shiga. Wata ma'aikaciya ta miƙo riga da hula. Rifkatu ta karɓa ta ɗora mini a hannu.

“Ke ce uwa. Shiga.”

Abin da na ƙetare teku dominsa ke nan, ga shi a hannuna, kuma ita da kanta ta ba ni. Na kalli Nafisa. Ba za ta taɓa faɗin wadda take so ta shiga ba. Na san idan na shiga zan riƙe hannunta gam, in yi ta addu'a, amma duk abin da likitocin nan za su faɗa a kanta zai wuce ni kamar iska, idan ta tambaye ni me ke faruwa ba ni da amsa. Na mayar wa Rifkatu rigar.

“Ke kin san abin da suke faɗa. Shiga, kada ki ɓata lokaci.”

Na ga kafaɗun Nafisa sun sauka. Ta ji sanyi a ranta. Na gani da idona, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, wannan ya fi komai ciwo. Aka tura gadon. Na bi su har inda aka tsayar da ni. Ƙofar tana rufuwa na ji muryarta, ta yarinyar nan da ba ta shiga makaranta ba tukuna.

“Inna!”

Na buɗe baki. Daga ciki aka riga ni.

“Na'am, ga ni.”

Na zauna a kujerar roba na ja carbi, ban san abin da nake karantawa ba. Rabin zuciyata na roƙon Allah Ya fito mini da su lafiya, rabi kuma na cin wuta. Allah Ya amsa. Rifkatu ce ta fito ta gaya mini mace ce, hawaye shaɓe-shaɓe a fuskarta, hannunta ne ya fara ɗaukar Safiyya kafin nawa. Ni na tauna ajwa na shafa mata a baki, ni na yi jegon, ruwan zafi da kunun kanwa, ban bar wa kowa ba. Amma wancan ɗakin ban shiga ba, kuma ba a sake haihuwar Safiyya.

Kafin in dawo, hoto ya riga ni isowa. Wani ya ɗauke mu a ɗakin abincin, ni da rigar bula da ludayi, gicciye a bango can bayana, Nafisa kuma ta tura wa 'yan'uwanta da zuciya ɗaya. Daga waya zuwa waya har unguwar Khalidiyya a nan Madina. Da azumi ya zo, wasu matan da muka daɗe muna haɗa sufra tare suka koma ta wata. Yaya Umaru ya mayar da abincin da na aika masa, kwanon a rufe yadda ya je. Na je na same shi.

“Yaya, sallata na yi a kan lokaci, mayunwata na ciyar.”

“A Madina mayunwata sun ƙare ne?”

Ban gaya masa dalilin ba. Ta yaya zan ce wa namiji mai furfura na shiga harabar coci ne don wata ta fi ni wuri a bakin 'yata? Sai da shekara ta zagayo ya sake cin abincina, kuma bai ƙara tayar da zancen ba har ya koma ga Allah. Yanzu ku kun ji abin da shi bai ji ba. Sufrata na nan. Har yanzu ina kama hannu, domin nan Madina ce, sai dai idan na ji mace ta ƙame nakan saki.

Rifkatu na raye, ƙafar ta ƙara matsa mata. Duk mai zuwa can ina aika mata dabino, ita kuma ta aiko mini da gaisuwa da tsokana, wai tsohon nan ya taɓa tambayar ina mai shinkafa. Ina yi mata fatan alheri da gaske. Kada kuma wani ya rubuta a bayana cewa kishin ya wuce, bai wuce ba. Safiyya ta fara magana, kuma da lanƙwasar Kagoro take yi.

Tun daga haihuwar nan Nafisa ba ta sake yi mini Larabci ba. Ba mu taɓa zancen ba, ban tambaye ta dalili ba. Kowace Juma'a bayan an sauko takan kira ni. Hausar wata ce a bakinta, ina jin Rifkatu a kowace gaɓa, kuma na daina gyara mata. Wayar nakan ajiye ta a cinyata tun kafin lokaci ya yi. Idan ta ce Inna, ba na bari ta rufe baki nake amsawa.